Ruwan da Aka Tafasa Sau Uku

Shekara huɗu Sakinatu ta kwashe tana karatun da aka ce mata na shekara biyu ne. Kada ka tambayi yadda aka yi, Khartum ce. Yau an rufe makaranta saboda zanga-zanga, gobe annoba, jibi malamai sun tafi yajin aiki, gata a ɗauke wuta kwana uku zafi ya kashe dabbobin gwajinta ta koma farko. Sau biyu aka ƙara mata wa'adi, a takarda ta biyun kuma an rubuta da jan biro cewa babu na uku. Ga shi Dakta Mayada, mai duba aikinta, ta samu aiki a Saudiyya, ranar Alhamis za ta tashi. In ba ta sa hannu a kan sakamakon gwajin ƙarshe kafin Alhamis ba, digirin Sakinatu ya bi ruwa.

Aikin nata kuwa da ɓeraye ne, farare ƙal masu jajayen idanu. A unguwar Mayo, inda take zaune da mahaifiyarta, mata sun gaji da yi mata dariya har sun bari. Tsohuwar ce kaɗai ba ta gaji ba. "Mu mun ƙare ƙuruciyarmu muna kashe su a gonakin audugar Jazira," in ji ta, "ke kuma an sa ki kina yi musu shimfiɗa. Allah ya kyauta."

Sakinatu ta daina bayani a gida tuntuni, amma abin ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Ƙwayar cuta tana da ɓawo a jikinta kamar gyaɗa. Jikin mai ciki in ya ji wannan ɓawon a cikinsa sai ya ɗauka abokin gaba ya shigo, ya tayar da zazzaɓi da kumburi, mahaifa ta fara murɗawa, ta turo abin da ke cikinta tun lokaci bai yi ba. Abin da take son nunawa ke nan a jikin ɓeraye: nawa za a ba su, kuma cikin awa nawa naƙuda za ta taso. Garin ɓawon daga waje aka kawo shi a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma abin da ya rage a gindinta na gwaji ɗaya ne tak.

Ɓeraye ashirin da huɗu ta tanada, duk da cikin kwana goma sha biyar, saura kwana huɗu ko biyar su haihu. Goma sha biyu za a yi musu allurar garin a narke cikin ruwan gishiri. Sauran goma sha biyun ruwan gishirin zalla za a ba su, su ne take kira shaidu. Idan na farkon suka haihu da wuri, shaidun kuma suka riƙe cikinsu har lokaci ya yi, to kowa ya san garin ne ya yi aikin. Ba kowane ruwan gishiri ba kuma, sai irin na ledar ƙarin ruwa da ake ɗaura wa marasa lafiya, wanda aka tace aka liƙe tun daga kamfani. A waɗannan watannin ledar ƙarin ruwa ta yi ɓatan dabo a garin. Guda ɗaya ta samu da ƙyar, ta rubuta a jikinta da baƙin alƙalami, "Sakinatu, kada a taɓa," ta tura ta can ƙuryar firji.

Ranar Lahadi, ranar allura, awa uku ta yi daga Mayo zuwa wurin aiki, don motocin haya duk suna layin mai. Ta iso a galabaice, mayafinta ya jiƙe da gumi. Ta tarar Baba Abdulganiyu ya shirya mata komai a kan tire kamar yadda ya saba: sirinji, auduga, da kwalbar gilashi cike da ruwan gishiri.

Shi Baba Abdulganiyu shekararsa ashirin da bakwai yana kula da ɗakin ɓeraye. Bahaushen Omdurman ne, kakanninsa hanyar Makka ta ajiye su a nan, Hausarsa rabi Larabci ce. In ya ɗaga ɓera ta jela ya dube ta, zai faɗa maka kwanakin cikinta bai kuskure ba. Ran nan dai ba shi da sukuni, takalmansa ma a hannu suke.

"'Yata, ga kayanki nan. Wafa ce, 'yar wajena, ba lafiya, zan leƙa."

"Ayya, Allah ya sauwaƙe. Je ka, Baba."

Ta yi allurarta ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta lokaci, ta kulle ɗakin ta tafi.

Litinin da safe ta buɗe ƙofa, ta fara da layin hagu, na masu gari. Duk sun zubar, goma sha biyun. 'Ya'yan na nan cikin dusar katako, jajaye, ba gashi, babu mai motsi. Abin ba daɗin gani, amma abin da ake jira ke nan, sai ta ce alhamdulillahi ta rubuta. Ta juya layin dama, na shaidu, ta jawo keji na farko.

Jini ne a dusar.

Ta jawo na biyu, haka. Na uku tana nan da cikinta. Na huɗu ta zubar. Da ta kai ƙarshen layin, bakwai cikin goma sha biyu sun haihu, su da ba a ba su komai ba sai ruwa da gishiri. Sakinatu ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi kuka ba, wallahi ko ƙarfin kukan ba ta da shi. Shaidun sun rushe, kuma gwajin da shaidunsa suka rushe ko yaro ba zai karɓe shi ba. Aikin baban giwa ke nan, shekara huɗu.

Can ta tashi ta buɗe firji. Ledar ba ta nan. Ta duba kwandon shara ko za ta ga fankonta, babu. A lungun da Baba yake dafa shayinsa sai ga babbar butar ƙarfe a kan risho, ga ƙullin gishirin miya a gefe, ga ɗan sikelinta na awo da bai taɓa barin teburinta ba. Ta buɗe famfo, iska ce ta fito, don an fi mako babu ruwa a layin. Ruwan da ke ginin gaba ɗaya na tankin saman rufi ne, wanda ya kwana ya wuni cikin rana har gansakuka ta kama bakinsa. Ba ta buƙaci wani ya gaya mata sauran ba.

Dakta Mayada tana ofis tana cusa littattafai a kwali. Mace ce mai kirki wadda gajiya ta cinye rabin kirkin nata. Ta saurari Sakinatu har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza idanu.

"Wa ya haɗa ruwan?" ta tambaya da Larabci.

Sakinatu ta kawar da kai ta dubi kwalin littattafan.

"Saurara, ya Sakina, ba ni da lokacin kewaye-kewaye. In ke kika yi kuskure, kwamiti ba zai ƙara miki ko kwana ɗaya ba, kin ga jan biron da idonki. In kuwa wani ma'aikaci ne ya ɗauke kayan gwaji ya musanya, wannan ba laifin ɗaliba ba ne. Ki rubuta sunansa, in sa hannu, za su ba ki wata shida da wani malamin. Garin ɓawon ma in na sauka can zan nemo in aiko miki."

"Shi kuma fa?"

"Kin san abin da ake yi wa wanda ya ɗauki kayan ma'aikata. Kora ce, kuma ba sallama." Ta mayar da tabaraunta. "Laraba da safe nake son takardar. Ko da suna, ko babu."

Sakinatu ta fito da zuciya tana tafasa. Ta kira Baba, ya ce suna asibiti a Omdurman, ya kwatanta mata. Duk tsawon hanya tana shirya maganar da za ta gaya masa. A kan gada mota ta tsaya cik kusan rabin awa, rana tana dukan rufin, Nilu a ƙasa yana tafiyarsa ko a jikinsa. Ta ce a ranta, tsoho da furfurarsa, shekara ashirin da bakwai a ɗakin nan, ya rasa abin da zai taɓa sai abin da aka rubuta kada a taɓa! Ai ko kira ne ya kira ta. To da ya kira, da me za ta ce? Wannan tambayar ba ta yi mata daɗi ba, sai ta ture ta gefe ta ci gaba da shirya faɗanta.

Harabar asibitin cike take da 'yan jinya a kan tabarmi, kowa da kwanukansa ƙarƙashin darbejiya. Wata dattijuwa ta taso da sauri ta rungume ta tun ba ta gama sallama ba. Sittana ce, matar Baba.

"Ke ce Sakinatu! Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki. Zo ki ga ɗanki."

Ta ja ta har cikin ɗakin masu jego. Wafa na kwance a gadon ƙarshe, yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyu ba, leɓunanta duk sun tsage. Tun Juma'a zazzaɓi da amai suka kama ta, ga cikin wata bakwai. Ranar Asabar likita ya ce a nemo ƙarin ruwa ko a rasa su biyun, mijinta ya zaga kantunan magani har ƙafarsa ta kumbura bai samu ba. Lahadi da hantsi Baba ya shigo da leda a cikin aljihun jallabiyarsa. Da la'asar ta haihu.

Wafa ta ɗaga gefen mayafinta. Bakwainin na manne a ƙirjinta, fata da fata, don kwalaben da ake saka irinsu duk da masu su a ciki. Kansa bai fi lemon zaƙi ba, an naɗe shi da auduga. Yana numfashi sama-sama, amma yana yi.

"Baba ya ce ke kika bayar," in ji Wafa a hankali. "Ya ce ta aikinki ce, kika ce a kawo min."

Sakinatu ta ɗaga kai. A ƙusar bango, saman gadon, ledar na rataye fanko, ba wanda ya sauke ta. Rubutunta na nan raɗau da baƙin alƙalami.

"Allah ya raya," ta ce. Abin da ya fito ke nan.

A waje ta samu Baba zaune a kan dakalin bayan ɗakin, yana jan carbi. Da ya gan ta ya miƙe, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na san kin gani, 'yata. Ki yafe min ƙaryar da na yi da sunanki, kunya ce ta sa. Amma wallahi ban cuce ki ba. Ruwan da na zuba miki sau uku na tafasa shi. Ya tafasa in sauke, ya huce in mayar, har sau uku. Gishirin ma da sikelinki na auna, yadda muke yi a da can kafin a fara kawo na leda. Ɓerayen lafiya dai?"

Tsakaninsa da Allah yake tambayar, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Da ɓarawo ne mai rainin hankali, da ta samu inda za ta sauke abin da ta ɗauko tun daga Khartum.

"Bakwai cikin shaidun sun zubar, Baba."

"Subhanallahi! Zafi ne ke nan. Na faɗa musu fankar nan..."

"Ba zafi ba ne. Ruwan ne."

"A'a," ya ce, yana girgiza kai. "A'a, 'yata. Shekarar kwalara layinmu gida-gida aka fitar da gawa, gidana ko ɗaya. Me ya tsare mu bayan Allah? Tafasa ruwa. Abin da wuta ta ci sau uku, me ya rage a cikinsa?"

Ina za ta fara? Ita kanta da ruwan tafashe aka raine ta. Har yau in mai jaki ya kawo ruwa Mayo, mahaifiyarta ba ta bari ko kurkure baki a yi da shi sai ya hau wuta, kuma gaskiyarta ne, shi ya raya su. A gidajensu tafasa ruwa ya kusa zama rukuni na shida.

"Wuta tana kashe ƙwayar, Baba, gaskiyarka. In sha za a yi, ruwanka lafiya lau ne. Amma gawar tana nan a ciki, da ɓawonta, shi ɓawon tafasa ba ta cinsa. Garin nan da nake yi musu allurarsa, ai shi ne ɓawon. Ruwan tankin nan cike yake da shi. Kuma duk tafasar da ka ƙara, ruwa ne yake ƙonewa, ɓawon yana daɗa kauri."

Ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Ta ga alamar maganar ta shiga ta kunne ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa.

"To, ku ne masu karatu," ya ce daga baya. "Ma'alesh, sai haƙuri. Sai a sake, ko? Ina da ɓeraye mata tara da za su isa haɗi makon gobe. Bana ɓerayen suna da albarka."

Ta buɗe baki za ta gaya masa zancen takardar, da jan biro, da sunan da ake jira ta rubuta. Daidai nan Sittana ta leƙo ta taga tana kiransa, wai ma'aikaciyar jinya ta ce a nemo madarar bakwaini da wata ledar kuma. Ya zabura yana laluben aljihu, ya yi gaba ya dawo, ya rasa ta ina zai bi. Sakinatu ta ce masa sai da safe, ta kama hanyar tasha.

Talata ba ta je aiki ba. Ta zauna a tsakar gida da takarda da biro tun hantsi. Sau biyu ta rubuta sunansa. Rubutun bai yi mata wuya ba ko kaɗan, gaskiya ce tsantsa, ba ƙari ba ragi, ya ɗauka kuma ya musanya. Ta tuna asubancin da ta yi na shekara huɗu, da ƙannenta da suke gaya wa mutane yayarsu ta kusa gamawa. Ta tuna kuma mutum mai shekara sittin da ɗoriya wanda bai iya komai ba a duniya sai ɗaga ɓera ta jela. Wa zai ɗauke shi? Mahaifiyarta tana tankaɗen dawa tana satar kallonta, har ta gaji ta ce, "Ke wannan takarda, ko ki rubuta ta ko ki ba ni in hura wuta."

Laraba da safe ta miƙa wa Dakta Mayada layi uku. Ruwan gishirin da aka yi gwajin da shi ba na leda ba ne, an haɗa shi ne da ruwan tanki, kuma ita, Sakinatu, ta yi allurar da shi ba ta bincika ba. Wannan ma gaskiya ce, ai ba ta bincika ɗin ba.

Dakta Mayada ta karanta, ta dube ta ta saman tabarau.

"Babu suna."

"Akwai nawa."

"Kin san abin da kike yi?"

"Na sani, Dakta. Na gaji ne kawai."

Matar ta daɗe tana riƙe da takardar. Sannan ta sa ta cikin fayil, ta ɗaure da igiya, ta ɗora a kan tulin waɗanda ba za ta tafi da su ba. "Ma'alesh, ya Sakina," ta ce, ta juya ga kwalinta.

Kada wani ya ce Sakinatu ta sauko daga benen nan da farin ciki irin na wanda ya yi abin kirki. Haushin Baba take ji har wuya, tana jin haushin kanta, tana jin kuma in aka ba ta takardar yanzu tana iya rubuta sunan a karo na uku. Haka ta tura ƙofar ɗakin ɓeraye don ta kwashe 'yan kayanta.

Baba Abdulganiyu ya riga ta zuwa. Ya share ɗakin tas, ya canza dusa, ya jera kejin matan nan tara a layin gaba. A lungu risho na ci, babbar butar tana huci.

"Yawwa, 'yata! Yaron ya kama nono jiya, alhamdulillahi. Ga shi na ɗora miki wani ruwan tun da sassafe, wannan daga gida na ɗauko shi a jarka, ba na tanki ba ne. Na yi ta tunanin maganarki. Sau uku ne bai isa ba. Wannan karon sau biyar zan yi masa, yanzu yana na huɗu."

"Sauke shi, Baba."

"Saura ɗaya fa."

"Sauke. Babu wani karon. An rufe fayil ɗina."

Ya tsaya da tsumma a hannu. Ya dubi kejin tara, ya dube ta, ya dubi jakar da take zuba littattafanta a ciki. A hankali ta ga abin yana isa inda bai isa ba ranar Litinin.

"Saboda ruwana?"

Ta ci gaba da zuba littattafan.

Tsohon ya sauke butar, ya kashe risho, ya zauna a kan bokitin dusa ya dafe kansa da hannu biyu. "Shekara huɗu," ya ce. "Innalillahi. Ina Dakta take? Bari in hau in gaya mata ni ne."

"Ka hau ka ce me? An riga an ɗaure. In ka hau, mu biyu za mu fita maimakon ɗaya, Wafa kuma tana jiran madara." Muryarta ta yi kaushi fiye da yadda ta so, ba ta kuma gyara ba. "Zauna, Baba, don Allah. Ƙafafuna ciwo suke."

Ya koma ya zauna. Ita ma ta jawo kujera. Ɓerayen suna ta ƙaraf-ƙaraf a cikin dusa, butar tana hucewa a tsakaninsu.

"Akwai ganyen shayi?" ta tambaya.

"Akwai," ya ce, bai ɗago ba.

"To zuba mana. Ruwan ai na sha ne."